Fitar Baba Ɗantala

Greensboro, 4 ga Maris

Zuwa ga Maman Treasure,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina lafiya, da aikin asibiti, da sanyin Fargo. Mu nan lafiya lau. 'Yarki tana girma, sai dai bakinta ya riga ta, in na yi mata Hausa ta mayar mini da Turanci. Mijinki yana ƙoƙari, kullum shi ke kawo ta shi ke ɗaukar ta. Babanki yana cin abinci, yana shan magani.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Kin san gidan nan, in na yi tari a kicin Babanki yana ji daga gado. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya tafi da ƙafa da hannun hagu, amma kunne sai ƙaruwa ya yi. Abin da zan faɗa miki ba na waya ba ne. In kin kira ranar Lahadi mu gaisa kawai. Amsarki ki aiko ta gidanku, mijinki ya miƙo mini.

Fasto ya ɗora mini shirya fitar dattawa ta bana, tunda ni ce shugabar Zumuntar Mata. Na zaɓi tsohon gidan Wexley, wanda muke ce wa Gidan Mai Auduga, na attajirin nan da ya yi masaƙa tun zamanin da. An ce akwai lambu da tafki, kuma a ƙarshen Afrilu furanni sun buɗe. Asabar ta ƙarshe a watan za mu je.

Ba zan ɓoye miki ba, don Babanki na karɓi aikin. In Ista ta zo, shekara ke nan bai leƙa waje ba in ban da asibiti. Mutumin da ya daɗe yana dattijon ikkilisiya, yana tsayawa a ƙofa yana gaishe da kowa da sunan garinsu, yau in baƙi sun zo sai ya ce in ce yana barci. Keken guragun da asibiti suka ba shi yana bayan ƙofa, na rufa masa zane don ya ce ba ya son ganinsa. Da sanda yake jan jiki daga gado zuwa kujerar taga, can yake wuni yana kallon motocin Gate City Boulevard. Likita ta ce mini jikin yana samun sauƙi, zuciyar ce take komawa baya. In bai fita a wannan bazarar ba, ina tsoron ba zai ƙara fita ba.

Sujada ya ce ba zai je ba, kowa zai juyo ya dube shi. Amma wannan fitar ta sa'o'insa ce. Ban gaya masa ba tukuna, sai komai ya tsaya.

Na buga wa mutanen gidan, wata yarinya ta ɗauka, Turancinta kamar ana korar ta. Ke ki kira su, ki tambaya ko keke yana shiga. Sauran dattawan ba su da matsala. Bayan sujada na tsaya a gaba na ce duk wanda tafiya take ba wuya ya ɗaga hannu, ba wanda ya ɗaga. Na sake bin su a bakin ƙofa, kowa ya ce lafiya lau. Keke ɗaya ke nan, na Babanki.

Hoton da kika aiko na gani. Matar aure ba ta aske kai haka, ko da uzuri. Kuma na san karatu da aiki ne suka kai ki can, ban hana ba, amma ki riƙa tunawa takardar shaidar nas ba ta gaishe da uba da safe.

Ubangiji ya tsare ki.
Mahaifiyarki,
Daso Ɗantala

Fargo, 12 ga Maris

Mama,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaishe da Baba. Ina lafiya, sai dai ƙanƙara har yanzu ba ta narke ba, kuma aikin asibiti ya yi mana yawa. Gashi zai tsiro, Mama.

Na kira gidan, na samu manajar da kanta. Ta ce ƙofar gaba matakala ce ta dutse mai tsayi, keke ba ya hawa. Hanyar keke tana baya, ta kicin, ƙofar da ma'aikatan gidan suke shiga a da. Daga inda ake ajiye mota zuwa can tsakuwa ce, ba kwalta ba. Babu lifta mai hawa da mutum bene, don haka ƙasa kawai Baba zai gani, sai lambu. Banɗaki mai faɗi guda ɗaya ne, kusa da kicin ɗin. Suna da kekuna uku na aro in an nema da wuri.

A kan tsakuwa ba za ki iya tura Baba ba, balle da gwiwarki. Ana buƙatar namiji mai ƙarfi wanda ya san yadda ake ɗaga shi in zai shiga mota ko banɗaki. Na koya wa mijina Zakaria kafin in taho, shi ya dace.

Sannan Mama, a gaban jama'a kika tambayi tsofaffinmu wa ba ya iya tafiya? Wa zai ɗaga hannu? Namu ko a gadon asibiti kika same su, sai su ce lafiya lau, da sauƙi. Mama Fourera an yi mata aikin ƙugu, ni na yi jinyarta. Malam Tassiou sikari ya taɓa masa ƙafa. Za su bi ki su yi shiru har sai wani ya faɗi.

Ina son Baba ya fita. Amma in ba a shirya abin sosai ba, gara a bar shi a gida a wannan karon.

Yaya gwiwar?

'Yarki,
Afiniki

Greensboro, 19 ga Maris

Afiniki,

Gaisuwa. Muna lafiya. Kin san ba na kama sunanki, ke ce ta fari. Yau na rubuta shi don ki san da ke nake.

A ɗakin wanki na karanta takardarki, inji yana juyawa, don kada Babanki ya ga fuskata. "Gara a bar shi a gida." Da hannunki kika rubuta wannan. Mutumin da ya ƙarar da ƙarfinsa a masana'antar kujeru a High Point yana shaƙar ƙurar katako don ki yi makaranta, shi ne yau ya zama abin bari a gida. Kunyarsa kike ji? In haka ne ki faɗa sarai, kada ki naɗe ta cikin maganar tsakuwa da lifta. A asibitinku kun saba ajiye tsofaffi a ɗaki a kunna musu talabijin. Mu ba haka muka tashi ba, kuma ba haka na tashe ki ba.

Kuma ki ji shawararki. Kowa ya hau ta gaba ana ɗaukar hoto, shi kuwa a zagaya da shi ta wajen kwandunan shara kamar an kawo kayan miya. Dattijon ikkilisiya ta ƙofar barori.

Sai mijinki, wanda kike kiran sunansa gatsau a takarda kamar ƙaninki. Tun aurenku bai taɓa cin abinci a gaban Babanki ba. In ya zo ɗaukar Treasure, a bakin ƙofa yake tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaisar, Babanki ya amsa yana duban taga. Haka ya kamata, kuma don haka nake ganin girmansa. Shi za ki ce ya rungumi surukinsa ya kai shi banɗaki? Kin daɗe cikin Turawa har kin manta abin da ake kira kunya. Babanki zai gwammace ya ƙare a kujerar taga da a yi masa haka.

Dattawa kuma ba su yi mini ƙarya ba. A ɗakin Allah na tambaye su. Ki bar ɗora wa manyanki ciwon da ba su ce suna da shi ba.

Gwiwata lafiyarta lau. Kada ki ƙara wahalar da kanki, zan yi abina.

Mahaifiyarki

Fargo, 4 ga Afrilu

Mama,

Ina gaisuwa, ina neman gafara. Wannan ce takarda ta biyu ba amsa. Ranar Lahadi na kira, kika ce lafiya lau kika miƙa wa Treasure waya. Sai yanzu na ji yadda lafiya lau take da zafi.

Ba kunyar Baba nake ji ba. Hotonsa yana manne a lokata a wurin aiki, kowa ya san shi. Bari in gaya miki abin da ya sa na rubuta wancan layin. Akwai wani tsoho da na yi jinya a nan, irin ciwon Baba. Iyalinsa suka lallashe shi da ƙyar ya yarda ya je bikin jikarsa. Tayar kekensa ta kafe a bakin ƙofa, ya kifa a gaban mutane. Ko ƙwarzane bai samu ba, amma daga ranar bai ƙara yarda an fita da shi ba. Fitar farko ɗaya ce, Mama. In ta lalace, Baba ba zai ba mu ta biyu ba. Abin da nake tsoro ke nan. Da na rubuta haka tun farko.

Baban Treasure, kin ga na gyara, ya gaya mini Malam Tassiou ya je gaida Baba ya yi suɓutar baki a kan fitar, Baba ya ce ba inda za shi. Gaskiya ne? Me ya sa ba ki gaya mini ba? Na nemi hutu in zo in tura shi da kaina, an hana ni, ma'aikata sun yi ƙaranci.

Ba na ce ki yarda da ni ba. Ki je wurin ki gani da idonki. Dattawan kuma ki bi su gida, ke da su kawai, kada ki tambaye su komai, ki dai duba.

Ki amsa mini ko da faɗa ne.

'Yarki,
Afiniki

Greensboro, 14 ga Afrilu

Maman Treasure,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Takardunki biyu sun iso. Treasure ta yi mura ta warke. Babanki yana nan yadda kika san shi.

Na je. Maƙwabcinmu Alhaji Maazou, mai motocin kai marasa lafiya asibiti, shi ya kai ni ranar Talata. Na ce wa Babanki za a duba birki ne, na fita da keken. A hanya na sayi buhun shinkafa biyu a kantin 'yan Afirka, dama tamu ta ƙare. Da muka isa na ɗora su a keken, na ce wa Alhaji kada ya taɓa, ni zan tura.

Ban yi nisa ba taya ta nutse. Na danna da ƙarfi, keken ya karkace, buhu ɗaya ya faɗi a tsakuwa. Na tsaya ina kallon sa a ƙasa. Alhaji ya juya ya yi kamar yana duba tayar motarsa, Allah ya saka masa. Muka kwashe kayan muka dawo.

Na kuma bi dattawan gida. Mama Fourera ta karɓe ni a zaune, ta yi ta hira tana dariya. Na shiga banɗakinta, sai ga abin dogarawar nan mai ƙafa huɗu an ɓoye a bayan labulen wanka. Da zan tafi na ce ta raka ni bakin mota. Ta ce da ɗan Faransancinta, "Bon, Daso, yau dai ki raka kanki." Malam Tassiou na tarar ya yanke bakin takalminsa da reza don yatsa ya sha iska. Matar Malam Yahya ba ta gani da ido ɗaya, tun bara, ba wanda ya sani. Fiye da rabinsu ba za su kai ƙofar gidan nan da ƙafa ba. Ba ƙarya suka yi mini ba, gaisuwa suka amsa. Ni ce na ɗauki gaisuwa na yi shiri da ita.

Gaskiya ne Babanki ya ji. Na kai masa kunu na ce, "Maigida, za mu fita."

Ya ce, "Ku fita."

Na ce, "Da kai."

Ya ce, "Daso, a ce sa'o'ina duk suna tafe da ƙafarsu, ni kaɗai ana gungura ni kamar keken kanti? Wannan ya sunkuyo ya ce sannu Dattijo, wancan ya ce Allah ƙara sauƙi. Sannu ta ishe ni."

Na yi ta juya maganar nan. A wurinmu in an yi taro, wa yake zama? Babba. Yaro ke tsayawa. Jiya bayan sujada na tashi na ce fitar bana ta girmama dattawa ce. Duk wanda ya cika sittin da biyar ƙafarsa ba za ta taɓa ƙasa ba, zama zai yi, matasa su tura. Kowa ta ƙofa ɗaya zai shiga, ta baya, kuma ba mai hawa sama. Na ce ba tambaya ba ce, doka ce, wanda ya ƙi ya zauna gida. Fasto ya sosa ƙeya. Malam Tassiou ya ce shi da ya yi ta zuwa Maraɗi daga Tsibiri a ƙasa, yau za a tura shi kamar jariri? Na ce, "Malam, ai shi ya sa. Ka yi tafiyarka ta ishe ka." Aka yi dariya, amma wasu sun fita ba su yi mini sallama ba. Ban sani ba ko za su zo.

Kekuna uku daga gidan, Alhaji zai kawo huɗu da motoci biyu masu ɗaga keke, sauran wata coci a tsakiyar gari ta yarda ta ara mana.

Na gaya wa Babanki dokar. Ya ce, "Ni wa zai tura ni?" Na ce za a samu. Ya san wa nake nufi. Ya juya wajen taga. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, kuma kin san shirunsa.

Layin nan naki na sake karantawa. Ba abin da kika nufa ke nan ba. Amma da kin iya bakinki da ba a kai nan ba. Ki koyi yadda ake jera wa babba magana.

Mahaifiyarki,
Daso

Fargo, 19 ga Afrilu

Mama,

Barka da Ista. Ina gaishe ku duka. Na karanta labarin buhun shinkafa a ɗakin hutu, na yi dariya, daga baya na shiga banɗaki na yi kuka.

A gaya wa matasan su taka birki kafin kowa ya zauna ko ya tashi. A tsakuwa a ɗaga tayoyin gaba kaɗan, a bakin ƙofa a shiga da baya. Ruwa da ɗan abin ci saboda masu sikari. Baba ya sha maganinsa kafin a fita.

Na yi magana da Baban Treasure. Tsoron da yake ji ya fi na ranar da ya je neman aurena. Ya ce me zai ce wa Baba duk tsawon wunin? Na ce ba sai ya ce komai ba, ya tura kawai.

In Baba ya ƙi a ranar, kada ki yi masa wa'azi, Mama, don Allah. Ranar Asabar ina aiki, amma waya tana aljihuna.

Har yanzu ba ki gaya mini gaskiyar gwiwar ba.

'Yarki,
Afiniki

Greensboro, 28 ga Afrilu

Maman Treasure,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu, wanda ya kai mu ya dawo da mu. A waya na ce miki an je an dawo, don Babanki yana kusa. Ga yadda aka yi.

Da safe na goge masa babbar rigarsa fara na ajiye a kan gado. Da na dawo daga kicin na tarar ya sa ta da kansa, da hannu ɗaya, har da hula. Zuciyata ta yi sanyi. Motocin Alhaji suka iso da bas ɗin coci, mijinki ya tuɓe takalmi ya durƙusa a bakin ƙofa. Babanki ya dube shi ta gefen ido, ya dubi keken da ke ƙarƙashin zane, ya ja jiki ya koma kujerar taga ya ce, "Na fasa. Ku tafi kada ku makara."

Wa'azin ya zo mini har baki. Na tuna da takardarki, na haɗiye. Na fita na ce wa Alhaji a ɗan jira. Mama Fourera daga cikin mota ta ce me ake jira. Na gaya mata. Ta ce a sauke ta. Aka sauke ta da keken, ta sa aka tura ta har tsakiyar falonmu, ta sha zanen Zumunta da ɗankwali kamar za ta biki.

Ta ce, "Ɗantala, ina kwana."

Ya ce, "Lafiya lau, Yaya."

Ta ce, "Ni dai ba lau ba, ƙuguna ƙarfe ne. Kai, ranar da aka ɗaura mini aure kana kiwon awaki ba wando. Ni na zauna, kai wane ne da za ka ƙi? Ko so kake in tashi in bar maka tawa?"

Ya leƙa taga, sai ga Malam Tassiou a cikin mota a kan nasa keken, ya harɗe hannu kamar gwamna, yana ɗaga masa sanda. Babanki ya yi wata 'yar dariya ta hanci wadda na daɗe ban ji ba. Ya ce, "A cire zanen."

Mijinki ya zo ta bayansa, ya taka birki yadda kika ce, ya ɗaga shi idonsa a ƙasa. Ni ma na sami abin yi a kicin.

Mutum biyu ne kawai suka ƙi zuwa. Da muka sauka a wurin ina ta kai da kawo ina jera kekuna, sai Mama Fourera ta ce, "Daso, ke ina za ki da ƙafa?" Na ce ni ce mai shiri. Ta ce, "Bara a gidanki muka ci wainar cikarki sittin da biyar. Ba tambaya ba ce, doka ce." Duk suka ɗauka, har Malam Tassiou ya fi kowa murya. Akwai keke biyu da suka rage na waɗanda ba su zo ba. Na duba in ga mai cetona, sai na ga Babanki yana kallona, yana danne dariya. Fasto da kansa ya riƙe mini ɗaya. Na zauna ina ji kamar an cire mini ɗankwali a kasuwa.

Sai da na zauna na san abin da Babanki ya yi shekara yana gudu. Kowa ya fi ka tsayi, ana magana ta saman kanka, ba ka zuwa inda kake so sai inda aka nufa da kai. Na yi ta yi masa faɗa a zuciyata cewa girman kai ne. Ba shi kaɗai ba ne.

Muka jeru a kan tsakuwa, babba a gaba, matasa suna tura mu, fararen riguna da zannuwa suna ɗaukar rana. Baƙin da ke matakalar gaba suka tsaya suna kallo, wani har ya cire hula. Manajar ta riƙe mana ƙofar kicin. Da aka shigar da Babanki ya tambaya ko ta nan ma'aikata suke shiga. Aka ce e. Ya ce, "To ai ƙofarmu ce." A ɗakin cin abinci ya sa aka matsar da shi kusa da wata kujera, ya daɗe yana duban ƙafarta. An hana taɓawa, ya ɗora hannunsa a cinya ya haƙura.

Maganar banɗaki, ban tambaya ba, ba su faɗa ba. Shi da mijinki sun shiga sun fito, hularsa a daidai.

Bayan mun ci abinci a lambu na neme su na rasa. Na ce Fasto ya juya ni. Can na hango su a bakin tafki. Babanki yana fuskantar ruwa, mijinki yana tsaye a bayansa riƙe da keken. Babanki yana magana, yana nuna wani abu da hannun dama, mijinki yana gyaɗa kai ko da yake ba a ganin sa. Sun daɗe. Ashe wanda yake bayanka ba sai ka dube shi ba, shi ma ba sai ya sunkuyar da kai ba. Ban san me suka tattauna ba, kuma ni ba zan iya tambayar surukina ba. Ke ki tambaye shi ki rubuto mini.

Jiya bai je sujada ba, jiki ya gaji, ban matsa ba. Da yamma mijinki ya zo ɗaukar Treasure, ya durƙusa a ƙofa yadda ya saba, Babanki ya amsa yana duban taga yadda ya saba. Har ya sa takalmi, sai Babanki ya ce da ni, ba da shi ba, "Daso, ki gaya wa Baban Treasure ranar Lahadi ya zo da wuri. Ba na son shiga an riga an fara sujada."

Zanen na ninke na mayar akwati. Keken yana falo.

Ki riƙa ɗaura ɗankwali har kan ya tsiro. Kin yi ta tambayar gwiwata. Tana ciwo, ta daɗe tana ciwo. Ki aiko mini da maganin shafawar nan.

Mahaifiyarki,
Daso Ɗantala